Shinkafar Da Ta Ƙi Ɓoye Ni

Ruwan da aka tafka ranar Talata ya shiga gidajen gangaren Kwaciri, har aka riƙa fito da katifu ana shanyawa a kan katanga. Matasa sai al'ajabi suke yi, wai daga ina wannan ruwa haka. Ni da na je jaje ban ce uffan ba, don in ka gaya wa mutumin da katifarsa ta jiƙe cewa a cikin kududdufi ya gina gida, ba zai gode maka ba. Amma ruwan bai yi ɓatan hanya ba, gidansa ya koma. Daidai inda wani mai shagon cajin waya ya tsaya yana yarfe ruwa da tsintsiya, a nan na taɓa noman shinkafa, a nan kuma aka so in ɓace a cikinta, ban ɓace ba.

Sai na fara da fasalin jikina, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba. Ni gajere ne. Ba irin wanda ake ce wa matsakaici don a faranta masa rai ba, gajere na haƙiƙa, wanda in an yi sahu a masallaci sai a ga kamar an bar gurbi. Sule aka raɗa mini, amma daga Fagge har Sabon Gari Turmi ake kirana, har yau jikokina in sun ga babu sanda a hannuna haka suke faɗa. Karatuna kuwa bai taka kara ya karya ba. Na yi ajin yaƙi da jahilci, inda aka zaunar da ni a layin gaba, ba don ƙoƙari ba.

Fari ne ya koro ni daga ƙauye, na faɗo Kano daidai lokacin da kuɗin man fetur suka faɗo su ma. Zamanin soja ne. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya cika da sababbin babura da rediyo, masinja ma sai ka gan shi da agogo a hannu yana duba lokacin da bai san inda za shi ba. Na samu aikin awo a rumfar Alhaja Sikira a Kasuwar Sabon Gari, Bayarabiya haifaffiyar unguwar, wadda Hausarta ta fi tawa daɗi. Shinkafar jirgi muke sayarwa, fara sal, babu tsakuwa babu ƙaiƙayi. Wa zai kalli ta gida? Alhaja ta ajiye mini wani akwatin lemo da nake takawa don in kai bakin buhu, in na sauka kuma masu saye su riƙa tambaya ina yaron ya tafi.

A layin da ke bayanmu akwai rumfar turaren wuta ta Ya Gana, wata dattijuwa Babarbariya, kuma 'yar ɗan'uwanta Falmata ce ke taya ta zama. Gidansu tun kakanni suke Fagge, amma tsawon Barno bai bar su ba. Falmata in ta tsaya kamar falwaya. Ranar da na fara yi mata magana daga kan akwatin nake, shi ya sa ta amsa. Da na sauko na raka ta, sai ta ce mini ita a duniya babu wanda ta san tsakiyar kansa kamar ni. Na ce to ta riƙe amana, kada ta faɗa wa kowa abin da ta gani a ciki. Daga nan zance ya ɗore.

Ubanta Ba Modu huluna yake sayarwa, amma zuciyarsa tana wata 'yar fadama a bakin kududdufin Kwaciri. Duk Fagge an yar da fartanya, shi kaɗai ya ƙi. Wata doguwar shinkafa yake nomawa, irin da ubansa ya zo da shi daga bakin kogin garinsu, kuma ya rantse shinkafar jirgi ba za ta shiga tukunyarsa ba. Da Alhaja ta yi mini hanya na je gaishe shi, na tarar da shi a zaure, Ya Gana kuma tana daga bayan ƙyaure, inda ake ji ba a gani. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, abin da bai ɗauke shi lokaci ba.

Ya ce a garinsu mai neman aure sai ya yi wa uban yarinya noman damina ɗaya, kuma shi birni bai sa ya manta ba. Zai yanka mini gefen fadamar. Shinkafar da aka kula da ita, in ji shi, takan haɗiye mutum a tsaye, a neme shi a rasa.

"Ranar da shinkafarka ta ɓoye ka, ka turo manyanka," ya ce. "Kai kuwa ai an rage maka aiki."

Daga bayan ƙyaure Ya Gana ta ce a haɗa mini da iri, don ga alama gidanmu ba su da mai kyau.

Wannan magana ce ta ja mini komai. Ba Modu ya miƙo mini ƙwaryar irinsa, na ce na gode, ina da nawa. Ban da ko ƙwaya. Na fito zauren nan ina tafiya kamar mai rumbu goma, cikina yana kukan yunwa.

A shekarar gwamnati ta tashi haiƙan wai kowa ya yi noma, ko a bayan ɗakinsa ne. Malaman gona sun kafa rumfa suna raba iri da takin zamani kusan a kyauta. Na je na ce a ba ni shinkafa wadda ta fi kowace kyau. Malamin, wani siririn mutum mai haƙuri, ya auna mini, ya buɗe baki zai yi mini bayanin halinta, na katse shi na ce ni a kunyar gona aka yanke mini cibiya, ba sai an koya mini ba. Ya yi murmushi ya ƙulle mini bakin jakar. Da na tsaya na saurara, da labarin nan bai samu ba.

Bazarar shekarar ta yi zafi irin wanda ƙadangare ke gudu a kan ƙasa yana ɗage ƙafa. Lakar fadamar ta bushe ta tsattsage kamar dunduniyar mai faso, in ka sara fartanya sai ta dawo maka har haƙori. Kullum in na idar da asuba sai in tafi, in yi ta fasa ƙasa har rana ta ɗaga, in wanke ƙafa a ɗan ruwan da ya rage a tsakiyar kududdufin, kore shar mai wari, in ruga kasuwa in hau akwatina. Abokin ɗakina a Rijiyar Lemo, Lasisi bakanike, ɗan ƙanin Alhaja, shi ke taya ni ran Lahadi. Bai iya riƙon fartanya ba, amma ya iya surutu, kuma surutu ma taimako ne. 'Yan kasuwa kuwa suka samu abin dariya. Ga mutum yana tsaye a kan buhunan shinkafa fara, yana zuwa yana wahala a laka don jar shinkafar gida.

Ruwan farko ya sauko da la'asar, da iska mai ɗauke kwanon rufi. Har yau in na ji ƙamshin nan na ƙasa ta sha ruwan fari, bayana sai ya amsa. Na yi reno a gefe, irin ya tsiro lif kamar gashin jariri, na cira na dasa layi layi. Ba Modu yana nasa gefen, kunya ɗaya ce tsakaninmu, ba ya ce mini komai sai sallama. Sauro ya ci rabonsa, matsattsaku suka sha nasu. Da fari tawa ta fi tasa kyan gani, kore har tana baƙi, ganyenta a miƙe tsaye kamar kunnen zomo. Ina wucewa ta gabansa ina tari, don ya ɗago ya gani.

Sai tasa ta fara tafiya. Ta wuce gwiwa, ta wuce ƙugu, ta kama hanyar kafaɗa. Tawa ta zo cinyata ta tsaya, kamar an ce da ita jira a nan. Na ce yunwa ce. Na kwaso kashin awaki daga gidajen Fagge, na zuba. Na koma rumfar malaman gona na ɗauko farin taki, na watsa. Abin da ta yi shi ne ta haihu. Gindi ɗaya sai ka ga ya fito da 'ya'ya ta ko'ina, sun cika hannu sun yi yawa, kowane ɗa kuma daidai tsawon uwarsa. Tana faɗi, ba ta hawa. Lasisi ya tsaya a kan kunya ya dube ta ya dube ni, ya ce shi dai bai taɓa ganin gona ta yi kama da mai ita haka ba.

Ba Modu kuwa da ya ga ina shigowa da fararen buhuna, bai tambayi kowa ba, ya je ya ɗauko nasa. Mutumin da tun da yake bai taɓa zuba wa shinkafar ubansa komai ba sai toka da juji, ya shiga watsa mata gishirin Turawa, wato takin zamani, da hannu biyu, don kada yaro ya fi shi. Ita kuma ta karɓa. Ta yi ta miƙewa har shi kansa in ya shiga sai ƙolin hularsa ake gani.

Nan na yi wata dabara da har yau ban ji wanda ya yi irinta ba. Na tuna a ƙauye in ana son bishiya ta yi sama sai a sassare mata rassa. Na ce to 'ya'yan nan su ne suke shanye mata ƙarfi. Na ware layi biyu, na durƙusa cikin laka na yi ta fizge 'ya'yan, na bar uwa ita kaɗai. Ina cikin wannan aiki malamin gonan ya iso a kan babur ɗinsa, yana zagayen waɗanda suka karɓi iri. Ya daɗe a tsaye yana kallona. Sannan ya tambaye ni, cikin ladabi, ko wani abu shinkafar ta yi mini.

Da na gaya masa buƙatata bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya tsuguna ya ce wannan shinkafa da gangan aka yi ta gajera. Tsawonta da yawan 'ya'yanta a cikin ƙwayar suke tun kafin ta taɓa ƙasa, taki ba ya ƙara mata abin da ba a ba ta ba, sai dai ya cika mata abin da ta zo da shi. Wai can wata ƙasa mai nisa aka samu wata gajeriya tun asali, aka ɗaura mata aure da doguwa, aka yi ta zaɓe cikin zuriyarsu har aka fitar da wannan. Na ce aure fa? Ya ce aure, da hannu ake ɗaukar garin furen wannan a kai wa waccan. Ya ce abin da ba ta kashe a kara ba shi take kashewa a 'ya'ya, kuma kowane ɗa da na fizge zangarniya guda na jefar. Har ya ƙara da cewa in an haɗa doguwa da gajeriya, 'ya'yan fari duk dogaye suke fitowa, sai a jikoki gajartar take sake ɓullowa, don ɓuya take yi, ba mutuwa ba. Wannan ban ɗauke shi da muhimmanci ba a lokacin. Abin da na tambaya shi ne ko akwai allurar da za a yi mata. Ya ce babu.

Layi biyun da na yi wa aski ba su ƙara ko ɗan yatsa ba. Suka tsaya tsirara a gefen gona, gajeru kuma marasa kowa.

Labari ya kai kasuwa kafin in kai. Ya Gana ta riƙa ba masu sayen turare labarin, tana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, shinkafa ma ta san hannun da ya dasa ta. Falmata ta zo rumfarmu kamar mai sayen gishiri, ta rage murya ta ce akwai ragowar dashen babanta a bakin ruwa, ya yi girma amma zai kama. In na tuge tsakiyar gonata na dasa shi, kafin kaka zai rufe ni, kuma ita za ta san yadda za ta yi da bakin goggonta. Alhaja tana jinmu, ta ce in karɓa, wanda yake son ɗan tsako ba ya faɗa da kaza.

Na dubi mudun da ke hannuna. Wallahi na so in karɓa. Amma na tuna muryar nan ta bayan ƙyaure. In na dasa nasu, Ya Gana ta yi gaskiya ke nan, sai da aka ba ni aro. Na ce da Falmata ba zan tuge ba. Shinkafar nan ba ta yi mini ƙarya ba, abin da take shi ta nuna, ni ne ban tambaya ba.

Ta ce, "To in Baba ya hana fa?"

Na ce, "Sai ya hana ni a tsayena."

Ta dube ni daga can sama, ta ce tsayen nawa ma duka nawa ne. Ta tafi ba ta sayi gishirin ba, kuma ta yi kwanaki ba ta bi ta layinmu ba.

Azumin shekarar a tsakiyar damina ya kama. Masu cewa azumin damina sauƙi ne ba su yi shi a cikin laka ba. Ba ƙishirwa ke kashe ka ba, yunwa ce, ga ruwa har gwiwa kana ciki, ga sanyi yana shiga ƙashi, ciki kuma fayau. Ni da Lasisi sahur ɗinmu garin rogo ne da ƙuli, wani lokaci tsakin shinkafar da na share daga ƙasan rumfa, Alhaja ta ce in ɗauka. Itace ya jiƙe, risho ya ƙi kamawa, tufafi ba sa bushewa sai warin ruma. Da rana in yi awo ina hamma, in la'asar ta yi in tafi cirar ciyawa, in sunkuya in ɗago in ga gari yana juyawa. In an kira magariba ina gona, sai in ga an ajiye kwanon kunun tsamiya da ƙosai a kan kunya daga gidan Ba Modu, nasa ne. Yakan sha rabi, ya tura sauran da ƙafa zuwa gefena, ba tare da ya dube ni ba. Ni ma in sha ba tare da na dube shi ba. Haka muka yi ta zaman surukuta.

Ana cikin goman ƙarshe, wata la'asar gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Kwaɗi suka yi tsit. Iska ta fara zuwa tun kafin ruwa, na ga shinkafar Ba Modu tana rausaya kamar 'yan mata a dandali, ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo, sannan ta tafi ba ta dawo ba. Takin da ya ɗura mata ya sa karanta ya yi tsawo ya yi laushi, ga ta da ciki. Muna fake a gindin wata tsamiya muna kallo ta kwanta gaba ɗaya, kamar an shimfiɗa tabarma. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kududdufin ya cika ya tumbatsa ya hau kanta.

Tawa ma ba ta tsira da daɗi ba. Ruwa ya kai mata wuya, bakin ganye kawai ake gani, na ce shi ke nan, gajere ya nutse. Da gari ya waye na sari hanya a kunyar ƙasa, ruwan ya fara ja. Da ya ja sai ga ta tsaye ƙyam, ta sha laka amma ko ɗaya ba ta sunkuya ba.

Na tarar da Ba Modu cikin tasa gonar yana ɗago ta da hannu, tana komawa. Ban taɓa ganin dogon mutum ya rage tsawo kamar ranar ba. Ba abincin ne ya dame shi ba, irin ubansa ne zai ruɓe a ruwa, kuma babu inda zai samo wani. Ban ce masa sannu ba, don na san ba zai so ba. Na je na sayo igiyar rama, na kira Lasisi ya rufe gareji, muka shiga. Mu tattaro ta runguma runguma, mu tsayar, mu ɗaure kamar bukkoki, su jingina da juna. Ruwan da ya kai Ba Modu cinya ni ƙirji yake kai ni. Da azumi a bakinmu muka yi ta yi har muka tsayar da abin da zai tsayu. Mafi yawa ta tafi, amma iri ya samu.

Na ɗauka shi ke nan an yafe mini. Ranar Sallah na je gaisuwa da sabuwar riga, na zauna ina jiran albishir. Ba Modu ya yi mini godiya sosai, ya sa aka kawo mini tuwo, sannan ya ce taimako daban, magana daban. Abin da ya faɗa ya faɗa. In shinkafa ta nuna zai zo ya duba.

Ta fidda kai, ta zuba ido, ta sunkuyar da zangarniya saboda nauyi, wato ta ƙara gajarta ke nan. Tsuntsaye suka zo gayya. Na ɗaure gwangwanaye a igiya ina ja ina ihu har muryata ta dishe. A ƙuguna ta tsaya, ko da na saki gwiwa.

Ana gobe Ba Modu zai zo, na isa gona da hantsi na tarar da Lasisi ya riga ni, jikinsa duk laka, yana ta murmushi. Ya ja ni tsakiyar gonar ya nuna mini aikinsa. Rami ya haƙa, irin wanda suke shiga a gareji su duba cikin mota, daidai ƙuguna, ya tara ƙasar a gefe, ya ja shinkafa ta rufe bakinsa. Ya ce in na shiga, ko da tabarau dattijon nan ba zai gan ni ba. Na gwada. Na shiga, duniya ta ɓace, sai zangarniya a kaina da sararin sama. Daɗi ne da shi, ba zan ɓoye muku ba. Mutum bai san nauyin idon mutane ba sai ya samu inda ba sa ganinsa.

Washegari Ba Modu ya zo da farar babbar riga da doguwar hula, Ya Gana tana biye da lema, Alhaja ma ta rufe rumfa ta zo, Lasisi yana gefe yana ƙifta mini ido. Na shiga gonar ina ture shinkafa har na kai bakin ramin. Ruwa ya taru a cikinsa, ina ganin fuskata. Na daɗe ina kallonta. Sai na ɗaga ƙafa na hau kan tulin ƙasar da Lasisi ya tono. Tun da aka haife ni ban taɓa yin tsawo kamar ranar ba. Shinkafar ta koma gwiwata.

"Ga ni, Baba," na ce. "Ba ta ɓoye ni ba, ba kuma za ta ɓoye ni ba. Haka aka yi ta."

Lasisi ya ɗora hannu a ka. Ya Gana ta ce to ai magana ta ƙare, a tafi kafin rana ta yi. Ba Modu bai motsa ba. Idonsa ba a kaina yake ba, yana kan zangarniyar. Manomi ne, ya kasa haƙuri. Ya tattare riga ya shigo, yana shafa ta, yana auna nauyinta a tafin hannu, yana matsowa. Na buɗe baki in ce ya tsaya, ban rufe ba sai na ji ɓulum. Ya zauna daɓas a cikin ramin, shinkafa ta rufe a kansa. Daga bakin kunya Ya Gana tana tambaya ina ya shiga.

Na sauko na leƙa. Yana zaune cikin ruwan laka har ƙirji, hularsa tana yawo a gabansa. Na ce yau na kashe aurena da hannuna. Ya dubi bangon ramin, ya ga sawun shebur, ya dubi tulin ƙasar da na sauko daga kai. Dogo da hankali dace ne, in ji masu magana, to shi an dace.

"Wannan ramin na wane ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Me ya hana ka shiga?"

"In na shiga yau, a cikinsa zan zauna a gidanka har in mutu."

Ya kai hannu ya kama gindi ɗaya da ke daidai fuskarsa, ya ga hannunsa bai zagaye shi ba. Ya ce daga nan ƙasa ta fi kyan gani. Sannan ya miƙo mini hannu.

"Fitar da ni tukuna. Jibi ka turo manyanka. Kuma in na ji labarin ramin nan a Fagge, na fasa."

Na riƙe masa amana har ya koma ga Allah. Ya Gana ce ta baza shi tun kafin la'asar.

Falmata da ta ji, abin da ta ce kawai shi ne da na shiga ramin, da ita ce za ta fasa. Na tambaye ta to dashen da ta ce in karɓa fa? Ta ce wannan ma da na karɓa. Har yau ban san ko gaskiya ta faɗa ba, kuma mun tsufa ban daina tambaya ba.

Mun ci shinkafar nan a bikinmu, ja ce, da tsakuwarta, baƙi suna taunawa a hankali. Daga shekarar Ba Modu ya riƙa noma biyun, doguwa a cikin ruwa inda ta saba, ba taki, gajeriya a tudu. Bayan rasuwarsa aka cike kududdufin da shara, aka yanka filaye.

'Ya'yanmu kuwa duk suka yi uwarsu. In mun fita sallar Idi kamar sun kamo ni ne za su kai wa hukuma. Ya Gana ta rayu ta ga haka, ta ce alhamdulillahi, an shanye ni. Ni kuwa na tuna maganar malamin gona. Sai da jikoki suka fara zuwa na fara dariya. Ga su nan, nan dogo, nan dogo, sai ka ga wani ɗan turmi ya ɓullo a tsakiya yana neman faɗa.

Da na dawo daga jajen nan na Kwaciri na ba su labarin, sai jikata Hauwa, wadda ke karatun likita, ta ce Kaka wannan lissafin na shinkafa ne, na mutum ba haka yake tafiya ba, abubuwa da yawa ne suke haɗuwa. Na ce na yarda, ita ce mai ilimi. Sannan na ce ta miƙo mini rediyona daga kan kabad.

Ta je ta ɗauko kujera ta taka.